Yadda ake amfani da remifentanil a hana tari lokacin cire bututun numfashi bayan tiyata

Aikin maƙoƙo ne ya sa na rungumi wannan dabara. Likitan fiɗa zai shafe awa biyu ko uku yana bin jijiyoyin wuya ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure wannan, ya ƙona waccan, ya ɗinke fata tsaf, ya cire safar hannu. Daga nan sauran aiki naka ne, kai mai sa barci. Mara lafiya ta fara farfaɗowa, ta ji bututu a maƙogwaronta, sai tari ya turnuƙe ta, jijiyoyin wuya su miƙe, awon jini ya haura, zuciya ta kama dukan uku-uku. Yawanci abin yakan wuce lafiya. Wata rana kuwa ɗauri ɗaya ya kwance, jini ya taru a ƙarƙashin ɗinki ya danne hanyar iska, a dawo da ita ɗakin tiyata a guje. Irin wannan fargabar ce ake yi a aikin ƙwaƙwalwa da na ido da na cikin kunne, da babban yankan ciki, da kuma mai ciwon zuciya wanda ba zai jure hawan jini na minti biyu ba.

Na rubuta wannan ne domin wanda ya riga ya iya sa bututu da cire shi, ya kuma iya riƙe haɓa ya ba da iska da jaka, likita ne mai neman ƙwarewa ko nas mai koyon sa barci. Karonka na farko har zuwa na biyar, ka yi shi babbanka yana tsaye a gefenka.

Ɗan abin da ya kamata ka sani

Bututu yana taɓa fatar cikin maƙogwaro, saƙo ya bi jijiyar bagus ya isa gindin ƙwaƙwalwa, daga can a ba da umarnin tari. Magungunan dangin mofin suna danne wannan umarni tun daga can sama. Shi ya sa aka daɗe ana zuba kodin a maganin tari na kwalba, wanda gwamnatin Najeriya ta hana a 2018 saboda yadda matasa suka mai da shi abin maye. Sai dai cibiyar tari da cibiyar numfashi maƙwabta ne, maganin da ya kwantar da ɗaya yana kwantar da ɗayar. Aikinka shi ne ka tsaya a tsakani: tari ya kwanta, numfashi bai tsaya ba.

Remifentanil, wanda shi ma ɗan dangin mofin ne, ya fi 'yan'uwansa dacewa da wannan ne saboda ba ya jiran hanta ko ƙoda. Sinadaran da ke cikin jini da tsoka su ne suke farfasa shi, don haka ko awa ɗaya ka yi kana ba da shi ko awa takwas, da ka kashe injin, cikin minti 3 zuwa 4 rabinsa ya bar jini. Fentanil ba haka yake ba. Idan ka yi awanni kana ɗiga shi, taruwa yake yi a kitse da tsoka, ya riƙa dawowa cikin jini har tsawon awanni bayan ka tsayar.

Adadin da ake nema an gwada shi. A 2009 wani bincike a Koriya ta Kudu kan mata da aka yi wa aikin maƙoƙo da maganin barci na propofol ya nuna cewa kusan nanogiram 2.1 a kowace mililita, a ma'aunin ƙwaƙwalwa, wato adadin da aka kiyasta ya isa ƙwaƙwalwa, yana hana tari ga kashi 95 cikin ɗari. Binciken da ya biyo baya ya nuna maza sun fi mata buƙata. A 2009 ɗin dai, a Beirut, an bar kashi ɗaya cikin goma na adadin da ake bayarwa lokacin aiki yana tafiya har aka cire bututu, masu tari suka ragu da kusan rabi. Ƙungiyar masu kula da hanyar iska mai wahala ta Birtaniya ta sa dabarar a ƙa'idojinta na cire bututu na 2012, cikin hanyoyin da ta ce sai mai gogewa.

Kayan aiki

- Remifentanil. Gari ne a ƙaramar kwalba, akwai ta miligiram 1, da 2, da 5.
- Sirinji mai mililita 50, ruwan gishiri na ƙarin ruwa, da takardar liƙawa a rubuta suna da ƙarfin haɗi.
- Injin tura sirinji mai batir da caji. Idan mai TCI ne, wato mai lissafa gudu da kansa daga adadin da kake so a jiki, da tsarin lissafi na Minto, madalla. Idan na yau da kullum ne, shi ma yana yi.
- Siririn layi mai ɗaukar ruwa kaɗan, da bawul mai hana magani komawa cikin robar ƙarin ruwa. Kanula mai tafiya sosai, a inda idonka yake ganinta.
- Na'urar auna oksijin ta yatsa, awon jini, hoton bugun zuciya, da kafnogiraf mai nuna iskar da ake fitarwa.
- Na'urar gwada tsoka mai bugu huɗu, wato TOF.
- Injin zuƙe majina da ka kunna ka gwada da hannunka, naɗaɗɗen gozi na cizo, da sirinjin sace iskar balan-balan ɗin da ke ƙarshen bututu.
- Kayan mai da bututu: laringoskof mai haske na leƙa maƙogwaro, sabon bututu da wani ƙarami da shi, buji (siririyar sandar da ke jagorantar bututu), takunkumin ba da iska, jaka, da LMA (robar ba da iska da ake sakawa ta baki ta zauna a kan ƙofar maƙogwaro).
- Magungunan ko-ta-kwana a zuƙe a sirinji: nalokson, atrofin, efedrin, propofol, suksametoniyam mai sakin tsoka. Nalokson, mai warware dangin mofin, ka tsinka shi tun yanzu, kwalbar miligiram 0.4 a cika ta mililita 10, kowace mililita ta zama mikrogiram 40.

Abu biyu ne ba na sassauci a kansu: injin sirinji da kafnogiraf. Idan ɗayansu babu, ka tsallaka zuwa sashen ƙarshe ka zaɓi wata hanya. Na'urar yatsa kaɗai ba ta isa ba, domin mutumin da ke shaƙar oksijin zalla zai iya daina numfashi na mintoci tana nuna maka 99.

1. Zaɓi mara lafiya, ka kuma yi masa bayani

Ba kowa ake yi wa ba. Mai aikin kaba a matsematsi, lafiyayyen saurayi, tari biyu ba zai cutar da shi ba. Ka ajiye dabarar ga wanda tari zai yi wa ɓarna. Ka yi hattara da mai ƙiba da minshari wanda numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, da mai tsohon ciwon huhu, da wanda ka sha wuya wajen sa masa bututu, da wanda hankalinsa bai cika ba tun kafin aiki, tunda dabarar ta dogara ne kan ya ji magana ya bi.

Tun a ɗakin kwanciya nake faɗa wa mutum abin da zai tarar. "Hajiya, idan an gama za ki ji ina kiran sunanki, za ki ji wani abu a bakinki. Kada ki tsorata. Ki buɗe ido, ki ja numfashi idan na ce ki ja, ni kuma zan cire shi." Ka yi wannan da yaren da take ji. Idan Bafulatana ce ko Babarbariya da Hausarta ba ta nuna ba, ka koyi kalmomin "buɗe ido" da "ja numfashi" daga bakin ɗan rakiyarta. Ka tambayi sunan da ake kiranta da shi a gida, domin sau da yawa ba shi ne a jikin kati ba, kuma shi za ta amsa.

2. Haɗa magani, ka yi lissafi a takarda

Haɗi biyu aka fi yi. Miligiram 2 cikin mililita 40 yana ba da mikrogiram 50 a kowace mililita. Miligiram 1 cikin mililita 50 yana ba da mikrogiram 20. Idan don farfaɗowa kawai zan yi amfani da shi, na fi son na 20: gudun injin ya fi yawa don haka tafiyarsa ta fi daidaita, abin da ya maƙale a layi kuma bai kai na ɗayan haɗari ba.

Lissafin shi ne: adadin da kake so, sau nauyi, sau 60, a raba da ƙarfin haɗi. Mace mai kilo 60, kana son mikrogiram 0.05 kan kowane kilo a minti, da haɗin 20: 0.05 sau 60 sau 60 ya ba da 180, raba da 20, mililita 9 ke nan a awa. Da haɗin 50 kuwa mililita 3.6 ne. Ka rubuta wa kanka layi uku a takarda, na 0.02 da 0.03 da 0.05, ka liƙa a jikin injin. Lokacin da mara lafiya ta ƙi numfashi ba lokacin lissafin ka ba ne. Wani ya duba maka lissafin da haɗin kafin ka sa.

Mai ƙiba, ka yi da nauyin da ya dace da tsawonsa, ba abin da sikeli ya nuna ba. Wanda ya haura shekara 65, ka fara da rabi. Kada ka gauraya shi da propofol a sirinji ɗaya, kada ka tura shi ta layin da jini ke tafiya, domin jinin zai farfasa shi tun a roba. Kuma ba a sa shi a allurar baya ko kaɗan.

3. Haɗa layi yadda ya kamata

Layin remifentanil ya shiga dab da kanula, ba can sama a tsakiyar robar ƙarin ruwa ba. Idan ka sa shi nesa, duk robar da ke tsakani ta cika da magani. Ruwa ya tsaya, mara lafiya ba ta samun komai, ta yi tari. Wani ya zo ya buɗe ruwan, duka ya shige ta a lokaci guda, numfashi ya ɗauke. Abin awon jini ka ɗaura shi a ɗaya hannun, domin duk sanda ya kumbura yana tare maganin sannan ya sake shi gaba ɗaya.

4. Maganin ciwo, tun da sauran lokaci

Wannan ne kuskuren da sababbi suka fi yi. Remifentanil ba ya barin komai a bayansa. Minti goma bayan ka kashe shi, mara lafiyar da ta farka tana murmushi za ta kama ihu idan ba ka yi tanadi ba, kuma wanda ya sha shi da yawa lokacin aiki ciwon yakan fi tsananta masa. Saura minti 30 zuwa 40 a gama, ka ba da farasitamol giram 1 ta jijiya, da daiklofenak idan babu matsalar ƙoda ko miki a ciki ko zubar jini, ka roƙi likita ya sa maganin kashe zafi a bakin yanka. Idan babban aiki ne, mofin kusan miligiram 0.1 kan kowane kilo. Ka tuna cewa mofin ɗin zai haɗu da remifentanil wajen danne numfashi, don haka idan ka ba da shi ka nufi ƙasan ma'auni a mataki na 7.

Pentazosin, da yake shi ne a hannu a asibitocinmu da dama, kada ka ba da shi remifentanil na tafiya. Yana gogayya da dangin mofin a mazauninsu, sai ya dagula maka lissafi.

5. Gama duk taɓe-taɓe tana cikin barci mai nauyi

Duk abin da zai sosa maƙogwaro, yanzu ne lokacinsa. Zuƙe majina da jini kana kallo da laringoskof, har bayan hanci. Idan an cusa gozi a maƙogwaro, cire shi ka faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Zuƙe tiyon ciki idan akwai. Duba iskar balan-balan ɗin bututu, ta tsaya tsakanin 20 da 30 a ma'aunin santimitar ruwa, domin wanda aka cika ya yi tauri shi kansa yana jawo tari. Sa naɗaɗɗen gozi tsakanin turamen haƙori. Kada ka raina wannan: wanda ya cije bututu ya ja numfashi da ƙarfi a kan toshewa, huhunsa na iya cika da ruwa. Sassauta filastar bututu ta yadda za ta fita da ja ɗaya.

Ka yi magana da likitan fiɗa ya gama naɗa bandejin wuya ko na kai yanzu. Babu abin da ke ɓata wannan aiki kamar a ɗaga kan mara lafiya ana naɗi daidai lokacin da barci ya yi sauƙi. Idan babban maƙoƙo ne da ya daɗe yana danne maƙogwaro, wannan ne lokacin sace iskar balan-balan a ji ko iska na wucewa ta gefe, sannan a mai da ita. Ɗaga kan gado kamar digiri 30.

6. Warware maganin sakin tsoka

Neostigmin mikrogiram 50 kan kowane kilo tare da atrofin ko glaikopirolet, bayan bugun TOF sun dawo. Idan rokuroniyam ka yi amfani da shi kuma akwai sugamadeks, miligiram 2 kan kilo idan bugu biyu sun bayyana. Abin nema shi ne TOF ya kai 0.9. Dalilin da ya sa na matsa a nan: remifentanil yana sa mutum ya kwanta lamo, ba motsi ba tari, sai ka kasa bambance wanda ya natsu da wanda tsokarsa ba ta dawo ba. Ka kuma sa ido kan bugun zuciya, tunda neostigmin da remifentanil duka suna rage shi.

7. Sauke remifentanil, ka kashe maganin barci gaba ɗaya

Saura kamar minti 10 a gama, ka kawo remifentanil adadin farfaɗowa. Da injin TCI, ka sa ma'aunin ƙwaƙwalwa tsakanin 1.5 da 2. Da injin yau da kullum, tsakanin 0.02 da 0.05 nake farawa. Don ka riƙe kwatanci a ka: ga namiji ɗan shekara 40 mai kilo 70, gudun 0.05 idan ya daidaita yana ba da kusan nanogiram 1.3 a jini, gudun 0.1 kuma kusan 2.6. Tsohuwa mai ƙaramin jiki da aka ba mofin, ƙasa. Saurayi mai shan taba, sama. Idan ba ka yi amfani da shi lokacin aikin ba, ka kunna shi a wannan gudun tun saura minti 15, ba tare da turin farko ba.

Sannan ka kashe maganin barci, kashewa ta gaske. Rufe tukunyar isofluren, ka buɗe oksijin lita 8 zuwa 10 a minti ya wanke huhu. Idan propofol ne, tsayar da shi. Haloten ya fi jinkirin fita, sai ka fara rage shi da wuri. Asirin dabarar ke nan: maganin barci ya fita duka, ɗan remifentanil ya rage shi kaɗai. Idan ka bar rabin wannan da rabin wancan, za ka sami mutumin da bai farka ba, ba ya numfashi, kuma da an taɓa shi zai yi tari.

Ci gaba da ba da iska da inji. Kada ka cika busawa har iskar kabon ta faɗi ƙasa, domin ita ce za ta tayar da numfashi. Ka riƙe ta wajen 40 zuwa 45 a kafnogiraf. A aikin ƙwaƙwalwa kada ka bari ta wuce haka.

8. Jira

Wannan matakin ya fi kowanne wuya, ga shi kuwa ba a yin komai a cikinsa. Kada ka girgiza ta, kada ka murza haɓa, kada ka sake zura tiyon zuƙe majina, kada a ja zanen da ke ƙarƙashinta, kada a mai da ita kan gadon turawa. Masu share ɗaki da masu wanke kaya su dakata da ƙarar ƙarafa. Za ka ji idon kowa a kanka, ana son shigo da na gaba. Minti biyar ko takwas ɗin nan suna cikin aikin, kuma gara a yi su a nan da a yi awa ana buɗe wuya a kwashe jini.

Idan na ga gas ya kusa ƙarewa a na'ura, sai in sunkuya kusa da kunnenta in kira sunanta a hankali, duk bayan rabin minti. Ba ihu. Abin da za ka gani idan ya yi kyau yana da ban sha'awa: ta buɗe ido, ta dube ka, bututu na bakinta, ba ta damu da shi ba.

9. Tabbatar da numfashi, sannan ka cire

Ta buɗe ido, ta matse hannunka da ka ce ta matse. Yanzu ka kashe injin numfashi ka koma jaka, ka zuba ido kan kafnogiraf. Ina son in ga tana numfashi da kanta aƙalla sau 8 a minti, kowane ja yana motsa jaka sosai, kamar mililita 5 kan kilo ko fiye, oksijin kuma yana tsaye.

Akwai tarko a nan. Mai remifentanil a jiki yakan yi abin da nake kira numfashin tuni: ka ce "ja numfashi" ta ja mai kyau, ka yi shiru ita ma ta yi shiru, ido biyu. Don haka ka yi shiru na minti guda ka gani. Idan sai an tuna mata, rage gudun da 0.01, ko 0.3 zuwa 0.5 a TCI, ka riƙa tuna mata ko ka taimaka da jaka, ka ba shi minti 2 zuwa 3. Kada ka kashe shi ɗungurungum don haushi, domin cikin mintoci kaɗan tarin da ka yi ta gudu zai zo.

Idan numfashi ya gamsar da kai: "Hajiya, buɗe baki." Sace iskar balan-balan a hankali har ƙarshe, ka ɗan matsa jaka, ka zare bututun a ja ɗaya mai laushi. Sa takunkumin oksijin nan take, ka ga layin kafnogiraf ya dawo. Bayan aikin maƙoƙo ka sa ta faɗi sunanta ka ji muryar, ka kuma saurari ko akwai ƙara mai kama da fito wajen jan iska.

10. Kashe inji, cire layi, wanke kanula

Da bututu ya fita, ka tsayar da remifentanil. Ka cire layinsa daga jikin kanula da hannunka. Sannan ka wanke kanular da ruwan gishiri a hankali, kana tsaye, tana kan na'ura. Idan maganin ya bi ta robar ƙarin ruwa, a canza robar.

Na ga abin da rashin yin haka ke jawowa. Wani bawan Allah ya farka lafiya, har ya yi hamdala, aka kai shi ɗakin farfaɗowa. Bayan kusan minti ashirin nas ta zo ba shi maganin rigakafin ƙwayoyin cuta ta wani ɗan layi da aka bari a hannunsa. Kafin ta rufe sirinji ya daina numfashi, ƙirjinsa ya sandare. Allah ya sa jaka na kusa kuma ta iya aikinta. Ba laifinta ba ne, ba ta san abin da ke cikin layin ba. Layi mai ɗaukar mililita 2 da haɗin 50 yana riƙe da mikrogiram 100, wanda ya isa ya tsayar da numfashin babban mutum. Hukumar lafiya ta Ingila sai da ta fitar da gargaɗi na musamman a 2014 kan ragowar magungunan barci a kanula da layi.

Abin da ya rage a sirinji a zubar da shi gaban shaida, a rubuta a littafin magunguna masu tsaro, mutum biyu su sa hannu.

11. Miƙa ta hannu da hannu

Ka tsaya da ita minti 5 zuwa 10 bayan kashe inji kafin ku fita, ka raka ta da oksijin. Ka faɗa wa nas ɗin farfaɗowa ƙarfe nawa aka kashe remifentanil, cewa an wanke kanula, wane maganin ciwo aka bayar da lokacinsa, da abin da za a ba ta idan ciwo ya taso. A ƙirga numfashi da agogo, ba a dogara da na'urar yatsa ba. Mai aikin maƙoƙo, abin yanke zare ya kwana a gefen gadonta.

Idan abu ya karkace

Numfashi ya tsaya bayan an cire bututu: kashe inji, ɗaga haɓa, ba da iska da jaka, kira ta da suna. Yawanci cikin mintoci kaɗan yake dawowa da kansa. Idan ya ƙi, ko akwai mofin a jiki, nalokson mikrogiram 40, a maimaita duk minti 2 har numfashi ya dawo. Kada ka tura kwalbar duka, za ka tashe ta cikin azabar ciwo da hawan jini.

Ƙirji ya sandare, jaka ta ƙi matsuwa: kusan kullum turi ne ya shiga da sauri. Shi ya sa ba a yi wa mai farfaɗowa turin remifentanil da hannu, ko da ta fara tari. Tsayar da maganin, nemi taimako, ba da oksijin da hannu biyu. Idan iska ta ƙi shiga, propofol da suksametoniyam, a mai da bututu.

Bugun zuciya ya sauka ƙasa da 45 ko awon jini ya faɗi: rage gudu, atrofin miligiram 0.5, ko efedrin miligiram 3 zuwa 6.

Ta fara tari duk da haka: cire hannunka daga bututu, ka tabbata ba nauyin tiyo ke jan sa ba, ka duba ko layi ya lanƙwashe ko sirinji ya ƙare. Propofol miligiram 20 yakan kwantar da ita ka sake jira.

Idan wani abu babu

Gaskiya ita ce a yawancin ɗakunan tiyatarmu remifentanil baƙo ne. Matakai na 1, 4, 5, 6 da 8 ba sa buƙatarsa, kuma su kaɗai suna rage tari ƙwarai.

Babu injin sirinji: kada ka zuba remifentanil a ledar ƙarin ruwa kana ƙirga ɗigo. Hannu ya motsa, gudun ya ninka. Haka nan kada ka yi wannan dabara idan wuta na yawan ɗaukewa kuma batirin injin ya mutu.

Babu remifentanil, akwai fentanil: turi ɗaya na mikrogiram 0.5 zuwa 1 kan kilo, saura kamar minti 10 a gama, a hankali. Yana taimakawa, amma ba za ka iya janye shi ba idan ya yi yawa, kuma zai raka ta ɗakin farfaɗowa na rabin awa zuwa awa guda, don haka a tsaurara sa ido. Ɗiga fentanil na awanni don wannan manufa ban yarda da shi ba.

Lidokain shi ne abokin kowa, ga araha ga samuwa. Miligiram 1 zuwa 1.5 kan kilo ta jijiya, minti 2 zuwa 3 kafin cire bututu. Mai kashi 2 cikin ɗari yana da miligiram 20 a mililita, don haka mai kilo 60 za ta sami mililita 3 zuwa 4 da rabi. Ka karanta kwalbar da idonka, wanda babu adrenalin ake so, ka kuma haɗa lissafi da abin da likita ya riga ya sa a bakin yanka. Yakan ɗan ƙara nauyin barci.

Inda ake da deksmedetomidin, mikrogiram 0.5 kan kilo cikin minti 10 kafin a gama yana kwantar da tari ba tare da danne numfashi sosai ba, sai dai yana rage bugun zuciya kuma farkawa takan ɗan ja.

Saura hanyoyi biyu da ke kauce wa matsalar ta wani gefe: cire bututu tana cikin barci mai nauyi tana numfashi da kanta, ko musanya bututu da LMA kafin ta farka, abin da ake kira dabarar Bailey. Duka biyun na mai cikin da babu abinci ne, wanda hanyar iskarsa ba ta ba ka wahala ba. Mai toshewar hanji, mai juna biyu, wanda jini ke kwarara a bakinsa, da mai babban maƙoƙon da ake tsoron maƙogwaronsa ya yi laushi, waɗannan sai sun farka sarai sun bi umarni kafin bututu ya fita, ko da za su yi tari.